Durƙuson Da Ya Raba Ni Da Ɗalibaina

Lokacin da abin ya faru, ban daɗe da kammala mastar, wato digiri na biyu, a fannin kimiyyar ruwa ba. Ina zaune a wani ɗan ɗaki a Villeurbanne, gefen birnin Lyon, ina aiki a labo, wato ɗakin binciken kimiyya, kuma kowace Asabar ina koya wa ƴaƴan mutanenmu na Lyon karatun Alƙur'ani. Ni mace ce mai tsoron kuskure, ko saƙon waya sai na maimaita karantawa kafin in tura. Ajin nan shi ne gidana a ƙasar da ba ni da kowa sai kawuna da ke Bobigny, kusa da Paris.

Labonmu ya tura mu taro a Meksiko. Da aka tashi, muka biya wani kamfani ya zagaya da mu ƙananan garuruwan karkara na yini guda. Jagoranmu mutum ne mai fara'a da surutu, kyamara rataye a wuyansa. Mun ratsa gonakin masara, mun tsaya wurin masaƙa, inda na sayi mayafin matan wurin saboda ya yi kama da gyalenmu, na yafa nan take. A gari na ƙarshe ya kai mu kallon ginin wata tsohuwar majami'a. A bakin ƙofa, gaban wani gunki, wata tsohuwa na zaune tana sayar da kyandir. Ta dube ni ta yi murmushi, ta miƙo mini ɗaya kyauta. Ni kuwa ƴar Damagaram ce, ba a koya mini karɓar abu daga hannun babba a tsaye ba. Na durƙusa, na sa hannu biyu na karɓa. Ina so a fahimce ni daidai: ban shiga ciki ba, ban kunna kyandir ɗin ba, kuma tsohuwar na durƙusa wa, ba abin da ke bayanta ba.

Bayan na dawo, kawu ya kira ni, ko gaisuwa bai bari mun gama ba, ya tambaye ni wane addini nake bi yanzu. Ashe jagoran ya ɗauke ni hoto ban sani ba, ya yanke tsohuwar, ya bar ni da gunki da kyandir, ya sa a shafin tallarsu, ya rubuta cewa har baƙinsu na Afirka sukan zo neman albarka. Wani ya gani, ya watsa a gurup ɗin ƴan Nijar, daga Paris har Lyon.

Da na rubuta wa kamfanin, jagoran ya amsa cewa hoton ya yi kyau, kamata ya yi in ji daɗi. Sai da na ambaci lauya suka cire shi. Amma ba shi ya fi ƙona mini rai ba, domin shi kasuwa yake nema. Asabar da ta biyo baya na zauna a aji har azahar, ba wanda ya kawo ɗansa. Na haɗu a tiram, jirgin ƙasan cikin gari, da wata Hajiya da nake koyar da ƴaƴanta, ta ce ita ba ta zarge ni ba, amma yara amana ne, kuma ta gani da idonta. Na roƙe ta ta dubi cikakken hoton da wata abokiyar aikina da muka je tare ta ɗauka, da tsohuwar a ciki. Ta ce mini sauri take, ta sauka. Na tura shi a gurup ɗin, waɗanda suka yi rige-rigen watsa na farko ba wanda ya taɓa shi. An ba wata ajin, har yau ba a kira ni ba.

Kuskurena shi ne ban gaya wa jagoran tun a mota cewa kada ya ɗauke ni ba. Ƴan'uwana mata masu tafiya, ku faɗi wannan tun kafin ku zauna, ku nemi a rubuta. Ku kuma masu turawa, ku ji tsoron Allah. Ladabin da ku kuka koya mana shi kuka hukunta ni a kai, kuma lambata tana cikin wayar kowannenku. Kawu kaɗai ya tambaye ni, ko da cikin fushi ne.