Sirajo, Motarka Ta Zo Gaisuwa

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Rajab, Allah Ya karɓi ran Manjo Sirajo Hodi Argungu, injiniyan soja mai ritaya, a asibiti a Birnin Kebbi, bayan jinyar ciwon zuciya. Na Allah muke, kuma can za mu tarar da shi. Ni Balaraba taubashiyarsa ce. Shekara hamsin ina tsokanarsa yana ramawa, yau ga ni ina magana ba mai mayar mini.

Sirajo, tun muna yara ba ka iya ganin abu mai taya ka wuce. Kai ka kwance keken Baffa gaba ɗaya, ka sha bulala, ka mayar da shi ya fi da gudu. Da ka girma, duk injin ban-ruwan da ya mutu a fadama ƙofar gidanka ake kai shi in ka zo hutu, ka gyara da kakinka a jiki, ka kori mai shi in ya fara godiya.

Shekarar da ɗana Sama'ila ya shiga soja na zo maka da kuka. Na ga hotonsa a bayan a-kori-kura, su goma, ba rufi ba kariya, ana tura su dajin da ake binne nakiya a hanya. Ba ka ce mini in yi haƙuri ba. Ka ce aikin da kuke yi ke nan kai da abokanka: motar sulke mai taya shida, wadda za ta kwashi soja ta kai su ta dawo da su. Ka ce mota mai sarƙa a madadin taya tana da nauyi, tana cin titi, ba ta da sauri. Taka kuwa direba zai rage iskar taya daga mazauninsa in ya shiga laka. Ƙasanta ka yi shi da tsini kamar na kwalekwalen Kabawa.

"In nakiya ta tashi ƙasanta, gehe wutar za ta bi," ka ce mini. "Ɗanki na komowa, in Allah Ya so."

Guda ɗaya kuka samu ikon ƙerawa. Ka nace a gwada ta a fadamar Zauro da damina, inda tarakta ma ke maƙalewa. Ina cikin 'yan kallo. Ta ratsa taɓo ta fito, manoman shinkafa suna tafi. Gwaji ɗaya ya rage, na tayar da nakiya a ƙarƙashinta. Sai ta ci shi za a ba da izinin ƙera sauran.

Sai babban baƙon da ya zo kallon gwajin fadamar, wanda ba zan kira sunansa ba, ya shafa ƙofarta ya ce ta burge shi. Kowa ya san al'adarmu, babba ba ya yaba abu a bar shi ya tafi hannu rabbana. Shugabanku ya rusuna ya ce, "Ai taka ce, ranka ya daɗe." Kai ma a wurin ba ka iya buɗe baki ba, don an horar da mu kunya fiye da yadda aka horar da mu gaskiya. Aka sa mata jiniya da labule. Wa zai tayar da nakiya a ƙarƙashin kyautar babba? Ka yi ta zarya ofis-ofis har ritaya ta same ka, ana ce maka ana dubawa. Tun daga nan in mun haɗu ba ka tambayata Sama'ila, matarka Hamida kake turowa ta tambaya.

Ranar addu'ar uku motarka ta zo Argungu, tana gaban ayarin wancan bawan Allah. Aka ajiye ta ƙofar gidanka, an wanke ta tas, ko ɗigon laka babu a tayarta. Ya zauna kan tabarma ya ce ƙasa ta yi rashin gwani. Na ji shi ta taga, kuma ban ce amin ba. Sama'ila bai samu zuwa ba. Ta waya ya yi mini gaisuwa, iska tana kaɗa maganarsa, don har yanzu a bayan buɗaɗɗiyar mota yake.

Allah Ya jiƙanka, Sirajo, Ya yafe maka shirun ranar nan, Ya ba ka ladan rayukan da ka yi niyyar tsarewa. Ya ba Hamida da 'ya'yanta Maryamu da Riskuwa juriya. Waɗanda suka bayar da abin da ba nasu ba, na bar su da Shi. 'Ya'yanmu da ke daji kuwa, ya Allah Ka tsare su da Kanka, wanda ya so ya rufe su mun rufe shi.