Takardar Asalin Jikata

A zamaninmu abu ɗaya muka sani, Lardin Zazzau. Ƙauyenmu yana can kudu, tafiyar yini guda a babbar mota, amma da aka kawo ni aure Samaru ban ɗauka na bar ƙasarmu ba. Mai unguwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci yana ƙarƙashin hakimi, hakimai kuwa duk Zariya suke kallo, kamar kwanukan jere, ƙarami cikin babba. Ban yi boko ba, amma wannan jerin bai taɓa rikice mini ba. Daga baya na ji ana ta yanka ƙasa, jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa. Ban kula ba, tunda ba ta tsakar gidana aka yanka ba.

Sai bara, da jikata ta sami gurbi a makarantar koyon aikin jinya. Ni na riƙe ta tun rasuwar ubanta, ɗana na fari. Aka ce ta kai takardar shaidar ƙaramar hukumarta ranar Juma'a, in ba haka ba a ba wata gurbin. Ranar Talata aka faɗa mana.

Ta ce, "Kaka, Sabon Gari za mu."

Na ce, "Sabon Gari kasuwa ce. Atamfa ake sayowa can, ba asali ba. Cikin Zariya za mu, ita ce uwar ƙasar."

"Tsohuwa, kin fa cika taurin kai."

"Da shi na rene ki. Ɗauko mayafinki."

Muka hau keke mai ƙafa uku har ofishin ƙaramar hukuma a cikin birni, muka bi layi har rana ta take. Ma'aikacin da muka tarar ya duba takardunta, ya ce, "Mama, ai Samaru ba tamu ba ce. Ƙarƙashin Sabon Gari take."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin in fara aiki."

A hanyar dawowa yarinyar nan ta kau da kai, titi kawai take kallo. Da dariya ta yi mini, da ya fi mini sauƙi. Yini guda na cinye mata cikin huɗu.

Laraba muka sauka ofishin Sabon Gari. Wata mata mai tabarau ta tambaye ni inda aka haifi kakan yarinyar na wajen uba. Na faɗi sunan ƙauyenmu, don shi ma can aka haife shi. Ta ce yanzu wannan wata ƙaramar hukuma ce daban. Ko mu tafi can, ko mu kawo wasiƙar mai unguwarmu da sa hannun hakimi, cewa nan ne gidanmu.

Can wa ya san mu? Waɗanda suka san mijina duk sun riga mu gidan gaskiya. Shi kuwa a gonar gwaji ta Samaru ya ƙare ƙarfinsa yana lebura. Kabarinsa na nan, na ɗanmu na gefensa.

Alhamis da sassafe na tarar da mai unguwa a zaurensa da mutane. Na durƙusa, na ce, "Ranka ya daɗe."

Ya ce, "Haba Inna, tashi, kada ki sa ni jin kunya."

Mu Kirista ne, su Musulmi, amma katanga ɗaya ce tsakanina da marigayiya uwarsa. Da ya ji abin da ya kawo ni, sai ya jawo takarda yana rubutu yana faɗa da ƙarfi: "Na san gidan nan tun ban iya ɗaura wando ba. Matar nan ta sha zane ni a kan mangwaronta."

"Ɗanye kake tsinka," in ji ni.

Zaure ya ɗauki dariya. Ya ce, "To, wannan ba za a rubuta ba." Da kansa ya hau babur ya kai wa hakimi, kafin la'asar ya aiko mana da ita.

Juma'a da hantsi matar nan mai tabarau ta buga hatimi. Na ce wa jikata ta nuna mini inda sunan wurin yake. Ta ɗora yatsa.

"Me aka ce?"

"'Yar asalin Sabon Gari."

Na daɗe ina kallon wurin, ko da yake ba abin da zan iya gani sai tawada. Sannan na ce, "Riƙe da kyau, 'yar kasuwa. Yi maza tasha, kada a rufe."

Ta kai a kan lokaci. Yanzu da farin kaya take zuwa hutu, har tana mini faɗa a kan gishiri. In baƙo ya tambaye mu asalinmu, ni Zazzau nake cewa har gobe. Ita ta ce Sabon Gari, ba na kuma gyara mata.