Ledojin da Muka Hura Wuta da Su

Ranar sadakar arba'in ta surukina, wanda muke kira Baba, tun da hantsi gidanmu na unguwar Gwange ya cika da mata. Wata bakwai ke nan da aurena. Ni 'yar unguwar Hausari ce, iyayena Kanawa, Kanurin da na iya a lokacin bai wuce gaisuwar "wushe" ba. Uwar mijina, wadda muke kira Iya, ita ta tsara komai. Ta ce mijinta ya ƙare rayuwarsa yana ciyar da mutane a ƙofar gidan nan, don haka ba wanda zai zo yi masa addu'a ya koma da yunwa. Tuwon semo za a yi da miyar busasshiyar kuɓewa, a fitar bayan azahar.

Katan uku aka kawo na garin. Muka yi abin da muka saba, muka farke ledojin muka juye a manyan robobi, su kuma ledojin muka cusa ƙarƙashin itace muka hura wuta. Itacen ɗanye ne, leda ce kawai ke sa shi ya kama. Da muna tankaɗe na ga ƙananan ƙwari jajaye suna yawo a rariya, ga wata saƙa-saƙa kamar ta gizo-gizo. Ban damu ba, wallahi. Wace mace ce ba ta taɓa ganin ƙwaro a gari ba? Mun tankaɗe, mun watsar, mun ci gaba da hira.

An gama tuƙa tukunya biyu, an fara kwasa, sai wayata ta yi ƙara. Yayata ce.

"Ke, wane semo kuka saya?"

Na gaya mata. Ta yi salati. Ta ce yanzun nan ta ji sanarwa a rediyo, masu yin garin sun ce a mayar musu da wani kaso nasa, ƙwari sun shiga tun a rumbunsu, har da danshi. Kada a ci, kada a ba dabbobi, kuma tankaɗe ba ya fitar da kashinsu da ƙwansu. A duba lambar da ke bayan leda. Ta karanto min lambar, na rubuta a tafin hannuna da gawayi.

"To duba ledar mana," in ji ta.

Na juya na kalli murhu.

Na bi tsakar gida kamar wadda ta yar da ɗan kunne. Na tona toka da tsinke, sai baƙin dunƙule narkakke. Na leƙa kwandon shara, na ɗaga tabarmi, na duba bayan randa. Mata suna tambayata me na rasa, ina cewa ba komai. A waje maza sun fara shimfiɗa, ina jin muryar mijina yana cewa a matso da buta. Ni kuwa addu'a ɗaya nake yi, ko dai in samu ledar lambar ta sha bamban, ko kuma Allah ya sa ban ɗauki wayar nan ba. Kunya nake ji yau idan na tuna ta biyun, amma na yi ta.

A kan taga na samu leda guda da ta tsira. Wata ta ƙulle kanwa a ciki. Na kwance, na miƙar da ita, na haɗa da tafin hannuna. Sau uku ina karantawa. Ita ce, ba ko harafi ɗaya da ya kauce.

Iya tana zaune a ƙofar ɗakinta cikin farar lafaya, da carbi, ƙannen marigayin mata sun kewaye ta. Na durƙusa. Na ce, "Iya, ku yi haƙuri, ina da magana." Na faɗa mata a hankali yadda ba kowa zai ji ba.

Ta dube ni. "Ba ku tankaɗe ba?"

"Mun tankaɗe, Iya."

"Bai dahu ba?"

"Ya dahu."

"To wuta ta cinye. Tashi ki kwashe, 'yata."

Ban tashi ba. Na ce sanarwar ta ce ko an tankaɗe kada a ci. Ɗaya daga cikin ƙannen ta yi magana da Kanuri, sauran suka yi dariya, ban ji me ta ce ba amma na san da ni take. Fuskar Iya ta canza. Ta ce tun ba a haifi uwata ba take cin garin da ƙwaro ya taɓa, ga ta nan da ranta. Sannan ta sassauta murya, wai ta samo mafita. Yaran gida da masu ciki kada su ci, a dafa musu taliya. Tuwon a fitar waje, ai sadaka ce.

Nan ne zuciyata ta ɗebe ni. Ni dama bakina ba ya da linzami, a gidan iyayena an sani, a nan ne nake ta ɓoyewa wata bakwai. Ban san lokacin da "ku" ta koma "ki" a bakina ba.

"Iya, abin da kike tsoron jikokinki su ci, shi za ki aika wa Baba?"

Har mai kwasar tuwo ta tsaya da mara a hannu. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ban janye maganar ba. Iya ta daɗe tana kallon tukwanen. Aka kira sallah a masallacin layinmu, ba wadda ta motsa.

Iya ta miƙe da kanta, ta ce a rufe tuwon, a haƙa rami a bayan gida a binne inda akuya ba za ta kai ba. Sauran garin da ledar nan guda a mayar wa mai shago. Ta ja lafayarta ta nufi zaure, matar da ke takaba, ta tsaya daga bayan ƙofa ta gaya wa maza da bakinta cewa yau babu abinci a gidan nan, a yi haƙuri da dabino da goro. Ina jin yadda muryarta ta karye a kan kalmar abinci.

Har yau ban sani ba ko da wani zai kwanta ciwo in an ci. Da Iya ta dawo ta wuce ta gabana, ina durƙushe inda ta bar ni. Ba ta kalle ni ba, ta dai ce, "Gaskiya kika faɗa." Ta shiga ɗaki ta saki labule. Mun yi shekara shida a gida ɗaya bayan wannan, ba ta taɓa ɗaga min murya ba, kuma ba ta sake cin abincin da na dafa ba har ta rasu.