Abin da Malam Habu Maɗori Ya Ce In Faɗa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Malam Habu maɗori makwancinsa, kuma ban taɓa rubuta komai a kansa ba sai yau. Ba abin faɗa na rasa ba. Mutanen unguwarmu ta Mandawari sun san ni, in na kama magana kiran salla ne kawai yake tsayar da ni. Wani abu ne ya faru makon jiya da ya hana ni zama wuri ɗaya don murna, har mai ɗakina ta ce in taimaka in kai wa jarida labarin ko kunnuwanta sa huta.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Habu abokina ne tun muna yara. Shi ya gaji ɗori wajen mahaifinsa, ni na tafi koyarwa a firamare. Zaurensa ba shi da komai sai tabarma, da ɗaurin kara, da tsummoki wankakku, da ƙwaryar man shanu. Yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba ni haushi. Duk wanda ya ɗora wa karaya ta kama, sai ya ja masa kunne kada ya ambaci sunansa, in an tambaye shi ya ce Allah ya ba shi lafiya ya tsaya nan. Amma ranar da aiki ya fi ƙarfinsa ya ce a tafi asibiti, to ranar har ƙofa yake rako mutane yana cewa su gaya wa kowa Habu ya ce ba zai iya ba. Na sha gaya masa cewa ban taɓa ganin mai sana'ar da ke tallan gazawarsa ba sai shi.

Yana da wani aboki Kirista, Yohanna, mai ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti da ke wajen ganuwa. Duk Asabar yakan zo a kan babur ɗinsa, a dama masa fura, su ɗaga hoton ƙashi a hasken ƙofa suna gardama kamar masu cinikin shanu. Wata Asabar na kai ƙarar Malam Habu wajensa a kan wannan ɗabi'a. Yohanna ya yi dariya ya ce ai ba shi ya fara ba. A littafinsu, in ji shi, Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya warkar da wani kuturu ya ce kada ya gaya wa kowa, mutumin kuwa yana fita ya cika gari da labari, har ta kai Annabin ba ya iya shiga gari a fili saboda taro. Amma a wani wurin ya raba wani mutum da aljanun da suka mai da shi mazaunin maƙabarta, shi kuma ya ce masa ya koma gida ya faɗa wa danginsa. Yohanna ya ce malamansu sun daɗe suna tattauna dalilin wannan bambanci, wasu na cewa lokacin bayyana ne bai yi ba.

Ban taɓa ganin Malam Habu cikin zumuɗi irin na ranar ba. Mu ma mun san Annabi Isa ya warkar da kuturu da makaho da izinin Allah, amma wannan bayani bai taɓa jin sa ba. Ya ajiye ludayi ya gyara zama.

"Ni dai ba malami ba ne, Yohanna, amma na san majinyata. Kuturun nan kowa ya gan shi ya ga ya warke, labarinsa ba abin da zai ƙara sai cunkoso. Shi kuwa mai aljanu in bai faɗa ba, wa zai yarda ya zauna kusa da shi? Wa zai ba shi aure? Duba ake yi a ga wa maganar za ta amfana."

Yohanna ya ce zai kai wa fastonsu wannan amsa. Ni kuwa na ji ta, na yaba, ban ɗauki komai a cikinta ba.

Bayan wannan da kamar shekara biyu mota ta kaɗe ni a kan keke ina dawowa daga makaranta. Ƙashin ƙaurina na dama ya karye har ya huda fata ya fito. Aka kwashe ni sai zauren Malam Habu. Kallo ɗaya ya yi wa ƙafar ya rufe ta da tsumma mai tsabta, ya ce wannan ba aikinsa ba ne. Shi da kansa ya shiga mota da ni, shi ya nemo Yohanna ya ɗauki hoton, yana tsaye a baranda har aka gama yi mini aiki aka sa ƙarfe. Da aka sallame ni sai na koma zaurensa, wata huɗu yana shafa mini man shanu yana lanƙwasa gwiwar a hankali har na taka.

A nan na yi ɓarnar. Wata rana a majalisa wani ya ce ya ji asibiti sun so yanke ƙafar, Malam Habu ne ya ƙwato ni. Maimakon in gyara sai na gyaɗa kai. Ina son abokina, kuma ina jin kunya a ce maɗorin unguwarmu ya gaza. Daga gyaɗa kai na fara ƙara gishiri. Kafin shekara ta zagayo labarin ya zama cewa na gudo daga gadon asibiti, Malam Habu ya tofa ya ɗaure, ƙashi ya koma wurinsa. Na ba da shi a wajen ɗaurin aure, na ba da shi a marinar Ƙofar Mata, har na fara jin kamar haka aka yi.

Da ya kai kunnensa har gida ya same ni, ko zama bai yi ba. Ya ce, "Lawan, wata rana za a kawo mini irin ƙafarka a ƙi zuwa asibiti saboda bakinka. Ka je ka gyara." Na ce to. Shi yana ƙaryatawa, mutane suna cewa tawali'u ne irin na bayin Allah, ƙaryatawar ma ƙara wa labarin ƙarfi take yi. Ni kaɗai zan iya kashe shi, ni kuwa kullum sai in ce gobe. Haka ya rasu ban gyara ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai a mutuwarsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga zamanin nan. Yanzu mai magani ba ya taɓa majinyaci sai an saita waya, ana ɗora karaya ana ɗaukar bidiyo, mutum yana ihu ana ce masa ya kalli nan ya yi godiya. Ina jin da farko zai yi dariya, don mutum ne mai son abin mamaki, har ya karɓi wayar ya jujjuya. Daga nan sai ya tambaya ina bidiyon waɗanda ba a iya ba.

To, makon jiya abin da ya faɗa ya faru. Sani, wani magidanci mai tuƙa adaidaita sahu a layinmu, ya yi haɗari, ƙashi ya fito waje kamar nawa. Mahaifiyarsa ta rantse ba za a kai shi inda za a yanke masa ƙafa ba, aka shiga neman maɗori. Kwana biyu yana kwance, wurin ya fara wari. Da na shiga dubiya, tana ganina ta nuna ni ta ce, "Ga shaida nan da ƙafarsa. Malam, gaya musu yadda marigayi ya yi maka."

Na duba hagu da dama. Ɗakin cike da mata, ga surukai, ga waɗanda na koyar suna yara. Na zauna a bakin gado, ni da furfurata, na naɗe wandona har gwiwa. Tabon ɗinki yana nan tun daga ƙasan gwiwa har kusa da idon sawu. Na ce, "Hajiya, ƙarya na yi muku shekara da shekaru. Ƙarfe ne a cikin nan, likita ya sa shi, kuma Malam Habu ne ya kai ni da hannunsa." Ta dubi tabon da kyau. Can ta juya ta ce wa ƙanin Sani ya je ya samo mota.

An yi masa aiki, kuma likita ya ce ƙafar za ta tsira. Shekaranjiya na je na ga yatsun suna motsi, na fito ina ta gaisa da mutanen da ban sani ba. Na nemo lambar Yohanna, wanda ya yi ritaya ya koma garinsu, na ba shi labari. Ya yi dariya har da tari, ya ce kuturun can laifi ɗaya ya yi, ya faɗi abin da aka hana shi, ni kuwa na yaɗa wanda aka hana, na ɓoye wanda aka sa ni.

Zauren Malam Habu yanzu shagon ɗinki ne. Waɗanda ya ɗora wa karaya suna nan da yawa suna tafiya a Gwale da Mandawari, sun riƙe masa alkawari, ba wanda zai nuna maka su. Abin da ya rage nasa da za a iya faɗa da baki shi ne wanda ya roƙa a faɗa, kuma ni aka bar wa shi. To ga shi na faɗa, a makare: Malam Habu ya ga ƙafata ya ce ba zai iya ba, shi ya sa nake da ita. Duk wanda ya taɓa jin wancan labarin daga bakina, ya same ni a ƙofar gida bayan sallar Juma'a, zan naɗe masa wandon ya gani. Allah ya jiƙanka, Habu, ka yafe mini jinkirin.