Ruwan Lahadi

Shekarar da babanmu ya rasu, da aka zo rabon ban ruwa na noman rani, gonarmu ta faɗa ranar Lahadi. Haka tsarin yake a ƙaramar kwatar da ke bi ta gefen ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure: kowace gona da ranarta. Ranarka ta zo, ka toshe kwata da laka ka juya ruwa cikin fangalinka. Idan ta wuce ka, sai wani makon.

Inna ta dasa tumatir fangali goma sha biyu, da shi za mu ci shekara. Ni kuwa na gama sakandare ke nan, ina ji da kaina, na karance Littafi Mai Tsarki tas, ina ganin babu wanda zai ja da ni.

Gonar da ke ƙasa da tamu ta wani dattijon majami'armu ce. Mutum ne mai farar riga kullum, mai doguwar addu'a. Idan ya fara, abinci sai ya huce. Shi ya tari Inna bayan sujadar Lahadi.

"Mai ɗakin marigayi, na ji ruwanki ya faɗa Lahadi. Kin dai san Kirista ba ya riƙe fartanya a ranar Ubangiji. Maƙwabtanmu suna kallonmu."

Inna ta durƙusa ta ce, "Baba, to ko za mu yi musaya? Ka ba ni Larabarka."

Ya ce zai sa abin a addu'a. Har yau ban ji amsar da aka ba shi ba.

Inna ta bi maganarsa. Mako ɗaya, biyu, ba ta je ba. Muna ɗibar ruwa da bokiti daga babbar kwata, amma bokiti ba ya shayar da fangali goma sha biyu a zafin nan. Ganye ya fara lanƙwashewa, fure yana zuba. Na ce mata Ubangiji da kansa ya warkar da marasa lafiya a ranar hutu, bai bar su sai gobe ba. Ta ce in rufe mata baki, dattijo ya fi ni sani.

Lahadi ta uku na ce kaina na ciwo, na ƙi zuwa sujada. Suna fita na saɓa fartanya.

Na tarar da kwatar cike, ruwa na gudu, ya wuce bakin gonarmu kai tsaye zuwa gonar dattijo. Wasu 'yan ƙwadago biyu daga Garun Malam suna tsaye cikin laka, wando a naɗe, suna juya shi fangali bayan fangali. Na tambaye su wa ya sa su. Babban cikinsu ya dube ni da mamaki.

"Mai gonar mana. Ya ce matar nan ta yafe ruwanta, shi kuma addininsa ya hana shi aiki yau, shi ya sa ya ɗauke mu."

Daga inda nake ina jin ganga da waƙa daga majami'a. Ban taɓa jin ƙyamar mutum irin ta ranar ba. Wato hannunsa tsarkakakke ne tunda ba shi ya taɓa lakar ba. Ya sha Laraba, ya sha Lahadi, ya kuma samu sunan mai kiyaye doka.

Na juya ruwan zuwa gonarmu, mutanen ba su hana ni ba, ɗayan ma ya taya ni. Sai dai an makara. Fangali uku kawai suka farfaɗo.

Na gaya wa Inna komai. Ta ci gaba da tankaɗe. Na ce zan tashi a gaban jama'ar ikilisiya in tona asirinsa. Ta ce idan na yi, ba da yawunta ba. Na ce to na bar zuwa majami'ar. Ta ce, "Saboda shi kake zuwa da ma?" Wannan ya ƙara ba ni haushi.

Ranar godiyar girbi na je, na zauna can baya ina huci. Dattijo ya shigo da kwando biyu na tumatir, jajir, manya kamar dunƙulen hannu. Mata suka yi guɗa. Ya karɓi magana ya ce wanda ya girmama ranar Ubangiji ba ya taɓa asara, mutane suka ce amin. Inna ta kai nata a ɗan kwano, tana rawa a hankali tare da sauran mata.

Bayan an tashi aka raba kayan godiya ga gwauraye. Dattijo da kansa ya zuba wa Inna tumatirinsa a zane, yana murmushi, ta kuwa durƙusa ta yi godiya.

Da yamma ta yi miya da shi. Na ture kwanon, na ce ba zan sa abin mutumin nan a bakina ba. Ta mayar da kwanon gabana, ta zauna, ta yi addu'arta gajeriya.

Sannan ta ce, "Ci. Ruwanmu ne."