Buɗe-Mu-Gani Mai Gyaran Rediyo, 1951–2023

Haihuwa

An haife shi a shekarar 1951, a ɗakin da ke bayan shagon mahaifinsa, wanda maƙerin makullai ne. Mahaifiyarsa ungozoma ce.

Sana'a

Karatunsa bai wuce aji huɗu ba. A 1966 ya kama gyaran rediyo, kuma ko me aka kawo masa sai ya ce a buɗe a gani, har laƙabin ya bi shi. Duk na'urar da ya buɗe sai ya zana cikinta a littafi ya bari a kan benci, kowane mai gyara ya zo ya kwafa, har da masu ƙwace masa ciniki.

Iyali

Ya yi aure a 1975. Maiɗakinsa takan yi masa tsiya cewa a gidan nan ita kaɗai ce ta tsira daga sukudirebarsa.

Lalura

A 2009 kunnuwansa suka mutu. Bayan shekara biyu aka dasa masa na'urar ji, rabi a cikin kai, rabi a bayan kunne, wadda manhajar da ke tafiyar da ita a kulle take, kamfanin da ya ƙera ta kaɗai ke taɓawa. Shekara takwas yana ji. A 2019 kamfanin ya daina kula da wannan samfuri, na'urar kuma ta fara ɗaukewa. Ya kwance rabin waje, bai ga abin da ya ƙone ba. Matsalar tana cikin manhaja. Babbar 'yarsa, mai rubuta manhajojin da kowa ke da izinin gyarawa, ta aika wasiƙa uku tana roƙon a buɗe musu. Aka amsa cewa sirrin kamfani ne, taɓa shi kuma saɓa doka ne.

Da ta rubuta masa amsar, sai ya ce, "Uwata, ashe aro aka ba ni."

Maiɗakinsa ba ta daina tsokanarsa ba. Yakan kalli bakinta, ya yi dariya bayan kowa ya gama.

Rasuwa

Allah ya karɓi abinsa ranar 4 ga Mayu, 2023, bai sake jin muryar matarsa ba. An binne shi kusa da mahaifinsa. Ya bar maiɗakinsa da 'ya'ya huɗu: mai manhaja, direba, malamar asibiti, da auta wanda ya gaji shagon. Ya bar littattafan zane talatin da ɗaya, waɗanda 'yarsa ta sa a intanet kyauta. A shafin ƙarshe akwai zanen na'urar kunnensa, tsakiyarsa fara fat.