Allon Malam Isiyaku

Ku sababbin ma'aikata, ku matso ku ji. Har gobe ban manta da wata ranar Laraba ba, lokacin ina shugabar masu shara a wata makarantar koyon harsuna a Takur, nan Dutse. Shekarata tara a wurin, ba wanda ya san ban iya karatu ba. In an miƙo mini takarda, sai in ce idona ke ciwo.

Akwai Malam Isiyaku, mai koyar da Sifaniyanci ga ɗaliban da za su tafi karatun likita waje. Ranar Talata ya cika allo fam da darasin yadda ake cewa an yi abu ba tare da faɗin wanda ya yi ba, irin "an rufe ƙofa". Jarrabawa saura kwana biyu, yaran ba su gama kwafa ba. Ya rubuta a sama da Hausa ɓaro-ɓaro cewa kada a goge.

Ka'idarmu, kowane aji da mai shararsa a jadawali. Ajin na Talatu ne, bazawara mai 'ya'ya huɗu, amma ranar Larabar ta kai ɗanta asibiti, na karɓar mata. Na jiƙa tsumma, na wanke allon nan tas, har ina yabon kaina.

Manaja ya tara mu. "Talatu, ke da kika yi firamare, ba ki ga rubutun ba?"

Ta dube ni. Ni kuwa na kafa ido a ƙasa.

"Yallaɓai, a yi haƙuri," in ji ta. Ya ce ta ajiye tsintsiya, kada ta dawo.

Ranar Asabar na shiga ofishin Manaja, Malam Isiyaku na zaune. Na ce, "Ni na goge. Ko alif na boko ban sani ba."

Malam ya ce, "Haba Inna, da kin faɗa ai da baki zan gaya miki."

An mayar da Talatu bakin aikinta. Na je har gida ba ta haƙuri, ta ce, "Inna, ai duk mun sani tun tuni. Girmanki muke rufewa."

To kun ji. A aikin nan, abin da ba ka sani ba, buɗe baki ka tambaya, tun kafin wani ya rasa abincin 'ya'yansa saboda kai.